Yadda Ake Buɗe Wuƙar Aljihu Mai Ninkewa da Hannu Ɗaya

Akwai ayyukan da ba sa barin mutum ya saki hannu. Ka tattaro bakin buhu da hagu, ko ka ja igiya ta yi tauri kana so ka yanke ta daidai inda ka riƙe, ko kana kan tsani hannu ɗaya na rungume da shi. A irin wannan wuri ake sanin amfanin wuƙar da ke buɗuwa da hannu ɗaya. Mai kallo zai ɗauka ƙarfin yatsa ne. Alhali yawancin masu fama da ita ƙarfinsu ya isa har ya yi yawa. Abu biyu ke hana su: suna turawa inda ƙarfen ba zai iya tafiya ba, ko kuma sauran yatsunsu sun danne abin da suke so ya tashi. In an gyara waɗannan, saura maimaici ne.

Fara duba wuƙar tukuna

Ba kowace wuƙa mai ninkewa aka yi domin wannan ba. Wadda ba ta da komai a jikin ruwanta sai ɗan tsagin da ake sa farce a ja, ta hannu biyu ce. Haka Okapi take, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Haka Buck 110 ta Amurka da ta fito a 1964, haka yawancin jajayen wuƙaƙen Victorinox. Sifirin da ke bayansu yana jan ruwan ya koma ciki da ƙarfi, kuma babu inda yatsa zai kama. Kada ka wahalar da kanka a kansu, ƙarshenta dai yanka ne.

Ta hannu ɗaya za ka gane ta da ɗaya daga cikin alamomi uku. Ko dai rami zagayayye a gindin ruwa kusa da mahaɗa (inda ruwa ke juyawa a jikin ƙota), wanda kamfanin Spyderco na Sal Glesser, da ke garin Golden a jihar Kolorado, ya fito da shi a 1981 a jikin wuƙarsa ta farko, tare da maƙalin aljihu irin na biro. Ko 'yar ƙusa mai tudu da ke tsaye a wannan wurin. Ko kuma ɗan kunne na ƙarfe da ke leƙowa ta bayan ƙota idan wuƙar tana rufe, wanda maƙeri Kit Carson ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1990 ta hanyar wuƙar M16 ta kamfanin CRKT. Wasu suna haɗa biyu.

Sai ka leƙa cikin ƙotar, domin abin da za ka yi kokawa da shi yana can. Buɗe wuƙar da hannu biyu. A yawancin wuƙaƙen yanzu za ka ga wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso daga bangon ƙota ya tokare gindin ruwa. Wannan ce sakatar ciki, wadda Michael Walker ya daidaita a 1980. In kuma bangon ƙotar ne da kansa aka tsaga ya zama sakata, tsarin Chris Reeve ke nan, maƙerin da ya taso daga Afirka ta Kudu ya koma jihar Idaho ta Amurka. Dubi kan sakatar da kyau, a wurin haske. Akwai wani ɗan boris da aka dasa a jikinta, bai kai ƙwayar gero ba. Idan wuƙa ta rufe, yana faɗawa cikin wani ɗan gurbi a gindin ruwa ya riƙe shi kada ya buɗe a aljihu. Duk taurin da kake ji a farkon buɗewa na wannan ɗan boris ne. Da zarar ya fita daga gurbinsa, ruwan ba shi da sauran abin da ke riƙe shi sai ɗan gogayya.

Shiri kafin gwaji

Manna salatif a kan kaifin daga gindi har tsini, ninki biyu. Baƙin nan na masu wayarin ya fi, domin yana da kauri kuma ba ya hana wuƙar rufewa. Zauna a kan kujera, ka sa tabarma ko katifa a gabanka, ƙafafunka kuma su kauce daga inda za ta faɗi, musamman in silifas ne a ƙafarka. Kada wani ya kasance kusa da kai iyakar miƙar hannu, yara kuwa su fita daga ɗakin gaba ɗaya. In ta suɓuce, bar ta ta faɗi. Hannu yakan kai cafka da kansa kafin mutum ya yi tunani, shi ya sa ake faɗa wa kai wannan tun kafin a fara.

Mataki na farko: riƙo

Zan yi bayanin ga mai amfani da dama. Buɗe tafin hannunka yana kallonka, ka kwantar da wuƙar a kan yatsunka tana rufe, mahaɗa a sama wajen manuniya, gindin ƙota a ƙasa wajen ƙaramin yatsa. Ɓangaren da ke da maƙalin aljihu shi ne a kan yatsu, ɗaya ɓangaren yana kallonka. Bayan ƙota ya jingina da tudun tafin hannu. Ta haka bakin da ruwa zai fito yana kallon hagu, wajen kan yatsunka.

Nan ne kuskure na farko yake. Hannu ya saba damƙe abu, sai yatsu su zagayo su kwanta a kan gadon bayan ruwa. Kana tura shi ya fita, kana kuma riƙe da shi. Ja yatsun baya. Kan yatsan tsakiya da na kusa da shi su tsaya a kan maƙalin aljihu, su danna ƙotar zuwa cikin tafi. Maƙalin nan yana da amfani fiye da rataya a aljihu, shi ne madogarar yatsu.

Masu wuƙar da bangonta ne sakata su ƙara kula. Sakatar tana waje, daidai inda yatsu ke son zama. In ka danna ta, ka ƙara cusa ɗan boris cikin gurbinsa, sai wuƙar ta ƙi motsi ko da ka yi nishi. Mutane da yawa sun ce wuƙarsu ta lalace a kan wannan kawai. Yatsu a kan maƙali, ko a kan sashen bangon da ba ya motsi.

Mataki na biyu: buɗewa a hankali

Da wannan ake farawa, kuma a ganina ko shi kaɗai mutum ya iya ya wadatar. Ɗora naman babban yatsa a kan 'yar ƙusar, ko ka nutsa shi cikin ramin. Ba tsakiyar yatsan ba, can wajen kansa, ɗan gefe kaɗan, inda nama ya kusa farce.

Yanzu sai alƙibla. Ka ɗauka mahaɗar ita ce tsakiyar agogo. A rufe, tsinin wuƙa yana kallon ƙarfe 6. Zai bi ta ƙarfe 9 ya tsaya a 12. Ita kuwa 'yar ƙusar tana ƙasa da mahaɗa, ta ɗan karkata hagu, don haka hanyar da za ta iya bi a farko ita ce waje da sama, wajen ƙarfe 10. In ka danna ta ciki, wato zuwa jikin ruwa, ka matse ruwan da bango ne kawai. In ka tura ta kai tsaye wajen mahaɗa, ka tura ƙarfe cikin ƙarfe. Duka biyun ba sa buɗe komai, sai dai su bar maka shaida a yatsa.

Tura ta waje a hankali har ka ji ɗan “ƙas”, alamar boris ya fita. Kada ka ɗaga yatsan. Ci gaba da raka ƙusar tana zagaya mahaɗa, babban yatsa yana zana rabin da'ira. Wajen rabin hanya za ka ji yatsan ya ƙure, kamar tsawonsa bai kai ba. A nan ake barin ƙotar ta ɗan mirgina a kan yatsu, gindinta ya matso cikin tafi, sai ka ga yatsan ya samu sauran tafiya. In duk da haka bai kai ba, ka riƙe wuƙar can ƙasa da yawa ne. Mayar da ita ka matso da hannu kusa da mahaɗa.

Raka ta har ka ji ƙarar sakata ta faɗa. Kada ka yarda da kunne kaɗai a kwanakin farko. Duba da ido ka ga sakatar ta shiga ƙarƙashin gindin ruwa, kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kaurinsa. Wuƙar da ta buɗe ba ta kulle ba ta fi kowace haɗari, don za ka yi aiki da ita kana zaton a kulle take.

Abin tsoro a wannan mataki ɗaya ne: yatsa ya zame daga ƙusa yana cikin turawa, ya sauka a kan kaifin da ya riga ya fito. Yakan faru in hannu na da gumi ko maiƙo, ko in ana danna jikin ruwa maimakon gefen ƙusa. Amfanin salatif ke nan. Yi ta maimaitawa har hannun ya daina neman wurin ƙusar, ya riƙa sauka a kanta da kansa, kafin ka wuce gaba.

Mataki na uku: harbawa

Wannan shi ne wanda ke burge mutane, inda ruwa ke fita fat ɗaya ya kulle. Riƙon bai canza ba. Bambancin shi ne yatsa ba ya raka ƙusar, yana sallamarta ne.

Lanƙwasa babban yatsa, ka sa kansa ko bayan farcen a ƙarƙashin ƙusar, a ɗan sararin da ke tsakaninta da ƙota. Fara matsawa wajen ƙarfe 11 ba tare da ka bari ta tashi ba. Kana tara ƙarfi ne a bayan ɗan boris. Sai ka miƙe yatsan gaba ɗaya. Boris zai saki, ƙarfin da ya taru ya kwashi ruwan ya kai shi ƙarshe. Yatsan ya bi iska ya wuce sama, kada ya bi sawun ruwan, domin kaifi ne zai tarar a can a wannan lokacin.

In ruwan yana tsayawa a rabin hanya, kusan kullum dalili ɗaya ne: ka tura a hankali, boris ya saki tun ƙarfi bai taru ba. Ba a gyara wannan da ƙarin ƙarfi, da saurin saki ake gyara shi. Abin mamaki, wuƙar da boris ɗinta ke da ɗan tauri ta fi daɗin harbawa a kan mai laushi, don ita ce ke ba ka abin da za ka tara ƙarfi a kansa.

Za ka ga wasu suna cika aikin da fizgar wuyan hannu. Ban ba da shawarar haka ba. Yana ɓoye kuskuren yatsa, yana sa gindin ruwa ya riƙa dukan 'yar sandar da ke tsayar da shi da ƙarfin da ya wuce kima har wuƙar ta fara girgiɗi, kuma ta nan wuƙa ke fita daga hannu ta nufi wani. Wuyan hannu ya tsaya cak.

Mai rami yana da wata hanyar. Maimakon babban yatsa, sai a sa farcen yatsan tsakiya cikin ramin ta ɓangaren baya, babban yatsa ya danne ƙota ta gaba, a harba yatsan tsakiyan waje da sama. Tana da sauri, amma a lokacin harbin yatsu kaɗan ne ke riƙe da ƙotar. A bar ta sai hannu ya nuna.

Mai kunne

Ita ce mafi sauƙi, kuma yatsa ba ya zuwa kusa da kaifi ko kaɗan. Riƙe ƙotar tsakanin babban yatsa da sauran yatsu uku, manuniya a sake. Ɗora kan manuniya a saman kunnen, ka ja shi ƙasa, ya bi tsawon bayan ƙota, kamar yadda ake danna makunnin fitilar bango. A wasu wuƙaƙen, gwargwadon yadda aka yanka kunnen, tura shi ciki ya fi jan sa ƙasa aiki. Gwada duka biyu, wuƙar za ta nuna maka wanda take so. Dokar dai ɗaya ce da ta ƙusa: tara, sannan saki. Idan ta buɗe, kunnen yana komawa ƙasa ya zama katanga tsakanin manuniya da kaifi.

Akwai kuma masu sifirin na taimako, irin tsarin SpeedSafe da Ken Onion ya yi wa kamfanin Kershaw a 1998. Kai za ka fara turawa kaɗan, sifirin ya ƙarasa. A kan waɗannan kada ka raka ƙusa, domin ruwan zai riga yatsanka gudu. Tura, ka janye.

Rufewa, inda aka fi yankewa

Mai sakatar ciki tana tilasta maka sa yatsa a kan hanyar da kaifi zai bi, don haka tsarin matakan nan ba abin wasa ba ne. Juya wuƙar kaifi ya kalli sama, tsini ya kalli gaba, sauran yatsu duk su bar bakin ƙota. Sa babban yatsa ka tura sakatar gefe ta koma jikin bangonta. Da manuniya a gadon bayan ruwa, ɗan tura shi kaɗan, iyakar abin da zai hana sakatar komawa wurinta. Tsaya nan. Cire babban yatsa. Sai bayan ya fita sannan manuniya ta ƙarasa turawa. A ɗan gaba kaɗan za ka ji ruwan ya ɗan turje, boris ne ke hawa kan gindinsa. In ka ƙara ƙarfi a nan alhali yatsa bai fita ba, ruwan zai kufce ya sauka a kansa. Yawancin yankan da ake samu a bayan babban yatsa daga nan yake.

Mai sakatar baya, wadda ake dannawa a gadon ƙota, ta fi wuya da hannu ɗaya. Danna sakatar da babban yatsa, yatsu a gefen ƙota ba a bakinta ba, ka jingina bayan ruwan da gefen tebur ko kututture ya karya, sannan ka ƙarasa. Ka tuna sifirin ɗinta yana fizgar ruwa ciki a ƙarshen tafiya. Wadda ta fi kowace kwanciyar hankali ita ce mai sakatar Axis da kamfanin Benchmade ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1990, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin irinta. Ana jan 'yar sandar da ta ratsa ƙotar zuwa baya da babban yatsa da manuniya, ruwan ya sake ya faɗa ciki, babu yatsa ko ɗaya a hanyarsa.

In wuƙar ce ta ƙi

Wani lokaci hannu ya yi daidai, laifin na wuƙar ne. Fara da datti. Aljihu yana tara zare da ƙura, lokacin hunturu kuwa ƙurar tana shiga mahaɗa ta haɗu da tsohon mai ta zama laka. Za ka ji ruwan yana ƙaras-ƙaras. Goge ciki da tsohon buroshin haƙori, ka sakace lungunan da tsinke, ka wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar ta ta bushe sarai.

Sai mai. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane gefen mahaɗa, da ɗan lakuce a kan layin da boris ke bi. Za ka ga layin, siririn zane ne mai lanƙwasa a gindin ruwa. Buɗe ka rufe sau da yawa, ka goge wanda ya tsatso. Mai da yawa ƙura yake kira. Kada ka sa man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su yi danƙo, bayan 'yan makonni wuƙar ta fi da tauri. Kada kuma mai ya taɓa fuskar da sakata ke tokarewa. In sakatar ce ke mannewa ta ƙi sakuwa, goga bakin fensir a wannan fuskar.

In har yanzu da tauri, sai notin mahaɗa. Yawancinsu masu kan tauraro ne, galibi lamba T8, ƙananan na jikin ƙota kuma T6. Ana samun irin sukundireban wurin masu gyaran waya da kwamfuta. Kada ka cusa wanda bai dace ba, kan notin zai cinye. Sassauta kaɗan ƙwarai, abin da bai kai rubu'in juyi ba, ka gwada. Bayan kowane juyi, buɗe wuƙar ka kama bayan ruwa ka girgiza shi hagu da dama. In ya yi motsi, ka wuce wuri, ɗan mayar. Rufe ta kuma ka duba ko ruwan yana tsakiyar ƙota, ba ya gogar bango. Wurin da ake nema siriri ne: ruwa yana tafiya sumul, ba ya girgiɗi. Sabuwar wuƙa ma takan zo da tauri, ta saki da kanta bayan an yi ta buɗewa, don haka kada ka yi saurin kai mata sukundireba.

Game da masu araha da ake kwaikwayon manyan kamfanoni da su, gwada sakatar kafin komai. Buɗe ta, yatsu a gefe, ka danna bayan ruwan a kan katako da ɗan ƙarfi. In sakatar ta zame, wannan ba wuƙar koyo ba ce, ba ta aiki ba ce kuma.

Bahago ya nemi mai rami, ko mai ƙusa a ɓangare biyu, wadda kuma ake iya mayar da maƙalinta ɗaya gefen. Sakatar ciki yawanci ta masu dama ce, amma sakatar baya da ta Axis ba su san dama ko hagu ba.

Koyon nan a gida ake yin sa. Wanda ke ta ƙas-ƙas da wuƙa a tasha ko a majalisa zargi yake jawo wa kansa, ko da buhu kawai ya saba yankewa da ita. Matafiyi kuma ya san cewa wasu ƙasashen sun sa wa irin wannan wuƙa doka ta musamman. A Jamus, tun 2008, an hana yawo a bainar jama'a da wuƙar da ke buɗuwa da hannu ɗaya kuma take kullewa, sai da dalili karɓaɓɓe kamar sana'a. A Ingila, dokar 1988 ta yarda ne kawai da mai ninkewa wadda ba ta kullewa, kaifinta bai wuce inci 3 ba. Duk wadda ta wuce haka sai mutum ya kawo hujja. A filin jirgin sama kuwa, cikin babbar jakar da za a auna ake sa ta, in ba haka ba a wurin bincike za a karɓe.